Neman tallafin digiri na biyu a nazarin zaman lafiya: ta ina malamar makaranta a Aboabo za ta fara?

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye, malamai da 'yan'uwa, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, sai yau da buƙata ta kawo ni.

Na kammala digirin farko a fannin nazarin siyasa a jami'ar KNUST ta nan Kumasi a shekarar 2021, na yi bautar ƙasa ta shekara ɗaya, kuma tun daga lokacin nake koyar da darasin zamantakewa a wata ƙaramar sakandare ta Islamiyya. Shekaruna 28, ina da aure da ɗa guda. Ban da koyarwa, ina cikin wata ƙungiyar matan unguwa da muke shiga tsakani idan rigima ta tashi, ko ta maƙwabta ko ta samari, musamman a lokacin zaɓe, wanda duk wanda ya san Asawase ya san yadda zukata suke zafi a cikinsa. A zaɓen ranar 7 ga Disamba 2024 na yi aikin sa ido a wata rumfa tun daga asuba har aka gama ƙirga ƙuri'u.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rikicin manoma da makiyaya. Mahaifiyata Bafulatana ce, kuma muna da dangi a yankin Agogo, inda aka sha tura sojoji da 'yan sanda su kori shanu a aikin da ake kira Operation Cow Leg. Duk lokacin da aka yi wannan kora, matan da suke rayuwa da nono da wagashi su ne suke fara shiga wani hali, haka ma matan manoman da aka cinye musu gona, amma idan aka zauna sulhu da wuya a ga mace ko ɗaya a wurin. Ina so in yi digiri na biyu a nazarin zaman lafiya ko hulɗar ƙasa da ƙasa domin in yi bincike a kan wannan, sai dai albashin koyarwa ba zai biya kuɗin makaranta ba, balle na ƙasar waje.

Akwai kuma matsalar sakamako. Na fita da daraja ta biyu ta ƙasa, matsakaicin makina 58, domin a shekarar ƙarshe ne na haihu. Shin da wannan sakamako akwai tallafin da zan iya nema, ko kuwa ɓata lokacina zan yi? Aikin sulhun da muke yi a unguwa ba da albashi ba, ana lissafa shi a matsayin ƙwarewar aiki? Sannan wani mai ofis a cikin gari ya ce idan na biya shi wasu kuɗi zai samo mini gurbi da tallafi a Turai, maigidana bai yarda da shi ba, ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. Allah ya saka da alheri.

Yaya ta Nima ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da mai ofis, domin maganarsa ce mafi sauƙi: maigidanki ya yi gaskiya. Manyan masu ba da tallafin karatu, wato Chevening da Commonwealth na Birtaniya, da ƙungiyar Rotary, da DAAD ta Jamus, babu ɗayansu da yake karɓar ko kwabo don cike takardar nema, kuma babu wanda yake da wakili a kasuwa. Mutum da kansa yake cikewa a shafinsu na intanet. Riƙe kuɗinki, za ki buƙace shi a wani wuri da zan faɗa miki.

Ni da tallafin Chevening na yi digirina na biyu a Ingila, kuma sai a nema na biyu na samu. Gwamnatin Birtaniya ce take ba da shi tun 1983, na karatun shekara ɗaya ne, yana biyan kuɗin makaranta da tikitin jirgi da biza da alawus na wata wata. Sharuɗɗansa da suka shafe ki su ne aikin shekara biyu, wanda suke lissafawa da awa 2,800, da zaɓar kwasa-kwasai uku, da samun gurbi marar sharaɗi a ɗaya daga cikinsu kafin ranar da suka tsayar, da kuma alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan an gama. Ana buɗe nema a watan Agusta, kuma tun kafin shekara ta ƙare an rufe, don haka wanda ya tsaya sai ya ga sanarwa kafin ya fara shiri ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da sakamakonki, a nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Abin da Chevening yake so shi ne digirin da zai sa wata jami'ar Birtaniya ta ba ki gurbi. Yawancin jami'o'in daraja ta biyu ta sama suke nema, amma akwai waɗanda suke karɓar ta ƙasa idan mutum ya zo da ƙwarewar aiki mai nauyi, kuma kowane kwas yana rubuta sharaɗinsa a fili. Aikinki na farko ke nan: ki zauna ki bi kwasa-kwasan zaman lafiya da sasanta rikici ɗaya bayan ɗaya, ki ware waɗanda ƙofarsu take buɗe gare ki, idan kuma maganar ba ta fito sarai ba ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ki tambaya. Ki fara dubawa da Bradford, wadda sashenta na nazarin zaman lafiya yana nan tun 1973, kuma Adam Curle ne farfesansa na farko. Commonwealth kuwa ya fi tsauri a kan wannan: ko dai daraja ta biyu ta sama, ko ta ƙasa haɗe da wani digiri na gaba a fannin da ya dace. A halin da kike yanzu wannan ƙofa a rufe take, ko da yake ƙarfafa zaman lafiya da tsaro da shugabanci yana cikin jigogi shida da suke ba da tallafi a kansu.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. A nemana na farko na rubuta maƙalolina kamar mai amsa jarrabawar jami'a. Na kawo Majalisar Ɗinkin Duniya, na kawo Kofi Annan, na ce burina shi ne in kawo zaman lafiya a Afirka. Ko ganawa ba a kira ni ba, kuma da na sake karanta abin da na rubuta bayan wata shida, ni kaina na ga cewa ɗalibai dubu za su iya sa hannu a ƙarƙashinsa ba tare da canza kalma ɗaya ba. A karo na biyu sai na ba da labarin wata rigima kan famfon ruwa a lungunmu: gidaje nawa ne, wa ya ƙi zuwa zama, yaya aka shawo kansa, wane tsari aka yi na ɗibar ruwa, kuma me ya lalace bayan wata uku da yadda aka gyara shi. Na ji kunyar turawa, domin ina ganin ƙaramin abu ne a kai gaban Turawa, amma a kan wannan famfo aka fi yi mini tambayoyi ranar ganawa.

Mu 'yan Zango muna da wata ɗabi'a ta raina abin da muka saba da shi. Zaman da ake yi a ƙofar gidan Sarkin Zango, da kiran da liman yake yi wa samari bayan sallar isha'i, da tsohuwar da take bin gida gida har a janye ƙara daga ofishin 'yan sanda, ba ma kiransu aiki, cewa muke yi zumunci ne. To wannan zumuncin shi ne abin da ake koyarwa a aji da sunan shiga tsakani, kuma masu ba da tallafi suna neman wanda ya taɓa yinsa da hannunsa. Aikin sa kai yana shiga lissafi, amma da sharaɗin a iya tabbatar da shi. Idan ƙungiyarku ba ta da littafin rubuta zama, ki saya mata ɗaya a wannan makon, ki riƙa sa kwanan wata da irin rigimar da yadda aka ƙare, ba tare da sunayen mutane ba. Ki nemi wasiƙa daga waɗanda suka tura ki sa ido a zaɓe tun suna tuna fuskarki. Wasiƙar shugabar ƙungiyarku da ta ce ta ga yadda kika sasanta gida kaza a wata kaza ta fi wasiƙar ɗan majalisar da bai san ki ba sai ranar da aka kai ki gaishe shi.

Inda za ki buƙaci kuɗin da na ce ki riƙe shi ne kafin tallafin ya fara aiki. Fasfo, da karɓar takardar sakamako daga jami'a, da jarrabawar Turanci ta IELTS idan jami'ar da kika zaɓa ta nema, da motar zuwa Akra ganawa, duk daga aljihunki za su fita, kuma sidinmu na Gana ba ya jimre wa fam na Ingila. Ki kuma sani cewa Chevening ba ya biyan kuɗin miji ko na yaro. Ni a wurin mahaifiyata na bar 'yata, kuma ba zan ɓoye miki ba, watannin hunturu sun yi mini nauyi ƙwarai. Wannan magana ce da ya kamata ku gama ta da maigidanki da iyayenku tun kafin ki cike takarda.

Baba na Sabon Zango ya amsa:

Amin wa alaikumus salam. 'Yata, na karanta tambayarki, na kuma karanta amsar yayarki ta Nima, Allah ya yi mata albarka, ban ga abin gyarawa a cikinta ba. Sai dai ni tsoho ne da na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma ina da tambaya ɗaya: wa ya ce dole sai an haye teku?

A Teshie, nan cikin Akra, akwai Cibiyar Kofi Annan ta horar da masu aikin wanzar da zaman lafiya, wadda aka buɗe a 2004. Hafsoshin soja da 'yan sanda da ma'aikatan farar hula daga ƙasashe da dama nan suke zuwa ɗaukar horo, kuma tana ba da digiri na biyu a rikici da zaman lafiya da tsaro, da wani kuma a kan jinsi da zaman lafiya da tsaro, wanda kamar don tambayarki aka tsara shi. Tun da Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 a shekarar 2000, maganar shigar da mata teburin sulhu ta zama fanni mai zaman kansa. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai cibiyar LECIAD, da aka kafa a 1989 don horar da masu aikin diflomasiyya, a Cape Coast kuma ana karantar da zaman lafiya da ci gaba. Hedikwatar WANEP, ƙungiyar gina zaman lafiya ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1998, ita ma a Akra take.

Ki duba kuma abin da aka yi a ƙasar nan da idonmu. Bayan yaƙin Konkomba da Nanumba na 1994, a garinku Kumasi aka yi ta zama har aka sa hannu a yarjejeniya a 1996. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Laberiya a Akra aka sa mata hannu a watan Agusta 2003. Rikicin Dagbon da ya biyo bayan kisan sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na biyu, a 2002, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu ne tare da sarakunan arewa biyu, Nayiri da Yagbonwura, suka riƙe shi shekara da shekaru har aka naɗa sabon Ya-Na a Janairun 2019. Muna da Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa da doka ta kafa a 2011. Ɗalibai daga Turai suna biyan kuɗin jirgi su zo su yi nazarin waɗannan abubuwa, ke kuma Manhyia, fadar Sarkin Asante, tafiyar 'yan mintuna ce daga Aboabo, Agogo kuma ki tashi da safe ki dawo da yamma.

Na san za a ce karatun gida ma kuɗi ne, kuma gaskiya ne, tallafinsa bai kai na waje yawa ba. Amma ana neman GETFund, asusun ilimi na gwamnati, ana neman ofishin ba da tallafin karatu na gwamnati, akwai kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, wanda bai kamata 'ya'yanmu su ji nauyin ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Ko da an samu rabi ne, mutum yana gidansa, yana cin tuwon gidansu, albashinsa bai tsaya ba idan ya samu hutun karatu ko kwas na ƙarshen mako. Rabin tallafi a gida taimako ne, rabin tallafi a waje kuwa tarko ne. Ɗan ƙanena wata jami'a ta rage masa rabin kuɗin makaranta, aka yi murna, aka sayar da fili aka cika sauran. Da ya isa sai kuɗin haya da na abinci suka taso, ya shiga aikin dare, karatun ya gagara, ya dawo ba takarda ba fili. Haka nan jaridu sun sha kawo labarin ɗaliban da gwamnati ta tura waje kuɗinsu ya makara wata da watanni. Duk takardar da aka ba ki, ki karanta ta sau uku ki ga wa zai biya makaranta, wa zai biya masauki, wa zai biya asibiti.

Shawarata ita ce ki yi digirin nan a gida, ɗanki yana gabanki. Idan kika fita da sakamako mai kyau, kin wanke 58 ɗin nan, ƙofar Commonwealth da yayarki ta ce a rufe take za ta buɗe, kuma digiri na uku a waje ya fi samuwa ga wanda ya riga ya rubuta bincike mai kyau. Allah ya yi jagora.

Malamin Asawase ya amsa:

Salamu alaikum. Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku kaɗan, ba don na fi ku sani ba. Sunan da cibiyar Teshie take ɗauke da shi ma hujja ce a kan cewa fita tana da amfani. Kofi Annan haifaffen Kumasi ne, a kwalejin da ta zama KNUST ya fara karatu a 1958, amma tallafin Gidauniyar Ford ne ya kai shi kwalejin Macalester a Amurka inda ya gama a 1961, daga nan ya wuce Geneva. Dakta Muhammad Ibn Chambas daga Legon ya tafi Cornell ya yi digiri na biyu da na uku kafin ya zo ya shugabanci ECOWAS. Hulɗar ƙasa da ƙasa fanni ne da wanda kuka zauna aji ɗaya da shi yau, gobe shi ne a ɗaya ɓangaren teburin.

Malama, abin da nake so in ƙara shi ne kada ki taƙaita ganinki ga Ingila. Idan makarantar allo da Islamiyya sun bar miki Larabci mai ƙarfi, Cibiyar Doha ta karatun gaba da digiri a Katar tana da digiri na biyu a sarrafa rikici da aikin jinƙai, tana kuma ba da tallafi. 'Ya'yan Zango da yawa suna da wannan harshe amma ba su taɓa ɗaukarsa a matsayin jari ba sai a wa'azi. Turkiyya ma tana buɗe nema daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, tana biyan komai har da shekarar koyon harshensu, amma mai neman digiri na biyu dole ya kasance ƙasa da shekara 30, don haka lokacinki a can ƙididdigagge ne. Idan aka dace, ki yi wa tsofaffin gida bayani da kyau, domin su Akra suke kira Ankara, sunan babban birnin Turkiyya, kada su ɗauka motar bas ta STC za ki hau. Matsalar ita ce Turkiyya tana neman maki kashi 75 cikin 100, alhali a ma'aunin KNUST 70 ya isa daraja ta ɗaya. Ko ina za ki nema, ki haɗa da takardar jami'a mai bayyana yadda ma'auninta yake, domin wanda bai san tsarin ba zai ga 58 ya yi mata fassarar da ba tata ba.

A Jamus akwai shirin Helmut Schmidt na DAAD, wanda aka yi shi musamman don 'yan ƙasashe masu tasowa a fannin mulki da manufofin gwamnati, kuma kwas ɗin zaman lafiya da rikici na jami'ar Magdeburg yana cikinsa. A watannin Yuni da Yuli ake nema, suna son sakamako mai kyau ƙwarai, kuma ba sa son digirin da ya wuce shekara shida da kammalawa. DAAD tana da ofis a Akra, ki je ki tambaye su baki da baki ko ƙwarewar aikinki za ta iya cike giɓin maki. A cikin nahiyarmu kuma Tarayyar Afirka tana da jami'arta, kuma reshenta na Yawunde a Kamaru yana karantar da shugabanci da haɗewar yanki da cikakken tallafi. Akwai kuma African Leadership Centre, mai haɗin gwiwa da King's College ta Landan da kuma ofis a Nairobi, wadda take ɗaukar matasan Afirka a fannin zaman lafiya da tsaro.

Abu na ƙarshe game da bincikenki. Kin ce zaman lafiya ko hulɗar ƙasa da ƙasa, kamar abu biyu ne da za ki zaɓi ɗaya. Shanun da suke shigowa Agogo da filayen Afram wasunsu daga ƙetaren iyaka suke, kuma ECOWAS tana da yarjejeniyar 1998 da ta tsara yadda makiyaya za su riƙa ƙetare iyakoki da takardar shaida. Yanzu da Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, makomar wannan tsari tambaya ce da take jiran mai amsa ta. Mace mai jin Hausa da Twi da Fulatanci, wadda za ta iya shiga ruga ta zauna da mata ba tare da tafinta ba, ba kowace jami'a ce take samun irinta cikin masu nema ba. Ki sa wannan a sakin layi na farko na duk abin da za ki rubuta.

'Yar Aboabo ta sake rubutawa:

Yaya, Baba, Malam, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma. Na karanta wa maigidana duka amsoshin jiya da dare, maganar mai ofis kuma mun rufe ta. Littafin rubuta zama na saya yau da safe a hanyar makaranta, kuma shugabarmu ta ce za ta zauna da ni mu tuno rigingimun da muka shiga tun 2022 mu rubuta abin da muke iya tunawa.

Larabcina na karatu ne, bai kai na rubuta bincike ba, don haka Doha sai dai nan gaba. Zuciyata ta karkata ga shawarar Baba saboda yaro, amma Yaya ta ambaci Rotary a farkon amsarta ba ta yi bayaninsa ba, ni kuma na taɓa jin cewa nasu na zaman lafiya ne zalla. Idan na fara digiri a gida kamar yadda Baba ya ce, zan iya neman nasu daga baya, ko kuwa ɗaya yana hana ɗaya?

Yaya ta Nima ta sake amsawa:

Madalla da wannan tambaya, ƙanwata, domin a nan ne shawarar Baba take da tsada, kuma gara ki san tsadar tun yanzu. Rotary suna ba da cikakken tallafin digiri na biyu a cibiyoyinsu na zaman lafiya, irin su Bradford, da Uppsala a Suwidin, da wata jami'a a Tokyo, kuma ana nema daga Fabrairu zuwa tsakiyar Mayu. Suna son aikin shekara uku a fannin zaman lafiya ko ci gaban al'umma, ba sa ɗaukar wanda yake cikin wani karatun digiri, sannan dole a samu tazarar shekara uku tsakanin digirin mutum na ƙarshe da ranar da zai fara nasu. Ke da kika gama a 2021 kin riga kin cika wannan tazara. Ranar da kika yi rajista a Teshie ko Legon kin fita daga layi, kuma bayan kin gama sai ki sake ƙirga shekara uku daga farko. Digirin gida yana buɗe miki Commonwealth, yana kuma jinkirta miki Rotary, kuma kafin ki gama shi shekarun Turkiyya sun wuce ki.

Da ni ce, zan ba wa kaina shekara ɗaya tak. In nemi Rotary a Fabrairu, in nemi Chevening a Agusta da maƙalolin da na riga na gyara, a cikin wannan shekarar kuma in yi ta tara kuɗi da neman tallafin gida. Idan ba a dace ba, sai in shiga Teshie da littafin zama cike da shekara guda ta rubutu, wanda shi ne zai zama tushen bincikena. Abin da za ki tantance tukuna shi ne yadda za ki gabatar da koyarwarki, domin Rotary aiki na cikakken lokaci suke lissafawa, kuma darasin zamantakewa a makarantar Zango yana da alaƙa da ci gaban al'umma idan kika nuna alaƙar da misalai.

Idan kuma barin yaro ya gagara, Rotary suna da wani shiri na takardar ƙwarewa a jami'ar Makerere ta Yuganda, na shekara ɗaya, wanda yawancinsa ta intanet ne da aiki a garin mutum, sai zama na wasu makonni a Kampala. Shi aikin shekara biyar yake nema, don haka ki lissafa daga ranar da kika fara bautar ƙasa ki ga yaushe za ki cika. Idan kin rubuta maƙalar farko ki turo mini ta saƙon sirri kafin azumi, zan karanta in mayar miki da gyara.